Mu biyu, motar haya, mako biyu a ƙasar da ba mu sani ba: ta ina kuɗi ke zurarewa?

Tambaya: Ni da maigidana mun shekara biyu muna tara kuɗi don mu yi hutun mako biyu a ƙasar waje. Ba ma son tafiyar rukuni da ake kwasar mutane a bas. So muke mu ɗauki hayar mota mu zaga da kanmu. Kuɗin ba su da yawa, ba mu taɓa tuƙi a wata ƙasa ba, kuma ba mu tsayar da ƙasar ba tukuna, amma shi ya riga ya rubuta dogon jerin wuraren da yake so mu gani. Zai yiwu? Me za mu kiyaye?

Amsa: Malama, zai yiwu. Mutum biyu ma su suka fi kowa cin ribar irin wannan tafiya, domin kuɗin mota, na mai da na ɗaki kusan duk ɗaya ne, ko mutum ɗaya ne a ciki ko biyu. Na yi shekaru ina shirya wa mutane tafiye-tafiye, wasu daga cikin shekarun a teburin bayar da motocin haya na yi su, kuma ni da mai ɗakina mun sha yin irin tafiyar da kuke shiri. Bari in fara da abin da na fi gani yana karya mutane, wato wannan jeri da kika ce maigidanki ya rubuta.

Taswira tana da daɗin kallo. Mutum ya buɗe waya, ya ga tsakanin wannan gari da wancan awa uku ne kawai, sai ya ce tunda mun riga mun zo, ai sai mu ƙara da na gaba. A haka jeri ke tsawo har ya kai gari goma sha biyu a kwana goma sha huɗu. Amma kowace kilomita da aka ƙara da 'yan rakiyarta take zuwa. Ƙaramar mota takan sha kamar lita 6 a kilomita 100. Wanda ya yi kilomita 3,000 ya ƙona lita 180, wanda ya tsaya a 1,200 bai wuce lita 72 ba. Man kaɗai ke nan. Mai dogon zango dole ya hau babbar hanya don ya cim ma lokaci, kuma a Faransa, Italiya da Turkiyya yawancin manyan hanyoyin na kuɗi ne. Dole ya ci abinci a tashar bakin titi inda komai ya fi tsada, ya sha mai a nan, ya isa gari da dare a gajiye ya karɓi duk ɗakin da aka nuna masa a duk farashin da aka ce. Gari na wayewa ya sake ɗaure kaya. In ya koma gida, abin da ya hango ta gilashi ya fi abin da ya taka da ƙafarsa yawa.

Awannin da waya ke faɗa kuma na direban da ba ya tsayawa ne: ba ya shan mai, ba ya ɓata hanya, ba ya ganin wani kwari mai kyau ya ce bari mu sauka. Ni kullum sulusi nake ƙarawa a kan abin da ta faɗa. Hanyar tsauni kuwa lissafinta daban. Daga Marakesh zuwa Warzazat a Maroko kilomita 200 ne ko kusa da haka, amma hanyar ta hau tsaunukan Atlas ta mashigin Tizi n'Tichka mai tsayin mita 2,260, kwana bayan kwana, ga manyan motoci a gaba suna jan ciki, sai mutum ya ci kusan awa huɗu. Hanyar da ta kewaye tsibirin Aisilan kilomita 1,300 ce da 'yan kai. A takarda tuƙin kwana biyu ne, amma wanda ya ba ta ƙasa da mako ɗaya wucewa kawai ya yi.

Don haka ku zauna ku biyu ku datse jerin nan. Ƙasa ɗaya, ko ma yanki ɗaya na ƙasar. Masauki huɗu ko biyar a mako biyun, kowanne a kwana biyu aƙalla, daga nan a riƙa fita yini ana dawowa. Kada tuƙin rana ɗaya ya wuce awa uku zuwa huɗu. Sannu ba ta hana zuwa. Sannan hanyar ta zama zobe, ku mayar da mota inda kuka ɗauke ta, domin ajiye ta a wani gari yana da nasa caji, ajiye ta a wata ƙasa kuwa cajin yakan kai ko ya wuce kuɗin hayar kanta.

Wani abin da mutane ba su cika tunani ba: ba kwana goma sha huɗun ne kuke buƙatar mota ba. A cikin babban birni mota nauyi ce. Wurin ajiye ta kuɗi, cunkoso, titunan da aka hana baƙi shiga, alhali ga jirgin ƙasa da bas suna kai mutum ko'ina. Ku yi kwana biyu ko uku na farko a birnin da kuka sauka ba mota, sai ranar fita ƙauyuka ku karɓe ta, ku mayar da ita kafin kwanakin ƙarshe. Kun rage kwana huɗu ko biyar na haya ke nan. Akwai kuma abin da ya fi kuɗin muhimmanci: wanda ya kwana a jirgi bai runtsa ba, bai kamata ya fito daga filin jirgi ya kama sitiyarin motar da bai sani ba, a titin da bai san dokarsa ba. Ku kuma lura ana lissafin haya ne da awa 24. Wanda ya karɓa ƙarfe goma na safe ya mayar ƙarfe ɗaya na rana a ranar ƙarshe, ya sayi ƙarin yini guda cur.

Maganar takardu gajeriya ce, amma ita ke gaban komai. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa fassarar lasisinku ne kawai, ba ya aiki sai tare da na asalin, kuma a ƙasar da ta ba ku lasisi ake yin sa kafin a tashi. Ku nisanci masu sayar da shi a intanet cikin minti goma. Iri-iri ne kuma: akwai na yarjejeniyar Jeneba ta 1949 mai aiki shekara ɗaya, akwai na yarjejeniyar Biyana ta 1968 mai kai wa shekara uku. Japan na 1949 take karɓa. Babban yankin ƙasar Sin ba ya karɓar ko ɗaya, sai an nemi izinin wucin gadi a can. Ku tambayi ofishin jakadancin ƙasar da kamfanin hayar, a rubuce, ko lasisinku zai yi. In Turai kuka zaɓa, bizar Shengen tana buɗe ƙasashe 29, kwana 90 cikin kowane 180, ana nemanta a ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa, kuma sai da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Ingila da Ayalan ba sa cikinta. Kada ku biya kuɗin da ba a mayarwa, na jirgi ko na ɗaki ko na mota, kafin biza ta fito. Ko ƙasar da ba ta tilasta inshorar lafiya ba, ku saya. Ita daban take da ta mota, kuma kwana biyu a gadon asibitin wata ƙasa na iya cinye abin da kuka shekara biyu kuna tarawa. In ɗayanku yana shan magani kullum, ku tafi da takardar likita, domin magunguna irin su tiramadol da kodin suna iya jefa matafiyi cikin babbar matsala a Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Yanzu teburin haya, inda na fi sani, kuma inda zan ɗan daɗe.

Farashin nan mai daɗi da ake liƙawa a intanet shi ne mafi ƙanƙantar abin da za ku biya. Araha ba ta ado. Kafin a miƙa muku mukulli, kamfani zai toshe kuɗin jingina a katinku. Ba cirewa aka yi ba, amma ba ku isa ku taɓa su ba sai an mayar da mota, wani lokaci sai bayan makonni banki ya sake su. Wanda kuɗin tafiyarsa duka ke kan katin nan guda, yana iya wayar gari da mota a hannu babu na biyan ɗaki. Yawancin kamfanoni katin kiredit suke so, wato na bashi, kuma mai ɗauke da sunan wanda aka rubuta a matsayin babban direba. Katin cirar kuɗi na yau da kullum wasu ba sa karɓa sam, wasu suna karɓa da sharaɗin ka sayi inshorarsu mafi tsada. Ba na mantawa da wasu ma'aurata da suka zo gabana, mijin ne mai lasisi, katin kuma sunan matar ne a jiki. Sun biya komai tun daga gida. Doka ta ɗaure min hannu, ban iya ba su motar ba, kuma kuɗin da suka biya ba na mayarwa ba ne. Na ga idon matar ya cika da hawaye, kuma har yau abin yana damuna, domin layi ɗaya ne a takardar sharuɗɗa da ba wanda ya nuna musu. Ki duba wannan tun yanzu: lasisi, fasfo da kati, suna ɗaya.

Sai inshora. Wadda ke cikin farashi takan bar wani kaso na farko na kowace ɓarna a wuyanku, a Turai daga ɗaruruwan yuro har sama da dubu. Ko ƙarce ne a bamba, cikin wannan kason za a cire. Hanya uku ce a gabanku. Ku ɗauki kasadar. Ko ku sayi ƙarin kariya daga kamfanin hayar, ita ce mafi tsada, amma takan rage kuɗin jingina kuma ku ajiye mota ku tafi ba jayayya. Ko ku saya daga wani kamfanin inshora daban, ta fi sauƙi sosai, sai dai kamfanin haya zai toshe jinginarsa cikakkiya, in an yi ɓarna ya cire, ku kuma ku bi sawun kuɗinku da rasit da hotuna, bayan kun tabbatar tun farko cewa inshorar tana karɓar mazauna ƙasarku. Ra'ayina a kanku, tunda wannan ne karonku na farko kuma kuɗin a ƙididdige suke: ku sayi cikakkiyar kariyar kamfanin, ku saye ta tun lokacin kama motar a intanet, ku rage wani abin daban. Mai kuɗi da yawa yana iya ɗaukar kasada don asarar ba za ta girgiza shi ba. Mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa buƙatar sanin iyakar abin da zai biya.

Ko cikakkiyar ma ku tambayi abin da ta bari a waje. Sau da yawa taya, gilashi, ƙarƙashin mota, rufinta, mukullin da ya ɓata da kulocin da aka ƙona ba sa ciki. Hawa hanyar burji yakan soke kariyar gaba ɗaya, kuma a ƙasa irin Namibiya yawancin wuraren da ake zuwa gani a kan burji suke. A Aisilan har inshorar tsakuwa da ta yashi da toka ake sayarwa daban. Ku tambayi ko akwai iyakar kilomita a rana, ko an yarda a tsallaka iyakar ƙasa da motar, ko an yarda a sa ta a jirgin fito. In ku biyun za ku yi tuƙi, dole sunan na biyu ya shiga takarda, ko da da caji. A wasu wurare kamar Kalifoniya miji ko mata kyauta ne, amma a yawancin wurare ana biya kowace rana. Kada ku yi dabarar karɓar sitiyari a hanya ba suna, domin in aka yi hatsari a hannun wanda ba a rubuta ba, babu inshora ke nan. Wanda bai kai shekara 25 ba yakan biya ƙari, kuma ana so lasisi ya shekara aƙalla. Ƙaramar mota ta ishe ku, muddin jakunkunanku za su shige but a rufe. A Turai mai giyar hannu ta fi yawa kuma ta fi araha, amma wanda otomatik ya saba da ita, hawan tsauni a baƙuwar ƙasa ba wurin koyon kuloci ba ne.

Kafin ku motsa, ku ba motar minti goma. Ɗaya ya riƙe waya ya ɗauki bidiyo a hankali, ya zaga ta duka: bamba ta ƙasa, rim, gilashin gaba, rufi, kujeru, sannan allon gaba da ke nuna kilomita da mai. Duk tabon da ba ya cikin takarda ku kira ma'aikaci ya rubuta ya sa hannu. Mu ma an taɓa turo mana cajin ƙarce a ƙofa bayan mun koma gida, bidiyon ranar farko ne ya nuna ƙarcen yana nan tun kafin mu taɓa motar, aka janye. Ku duba safaya da jak, ku zaɓi tsarin karɓa da tanki cike a mayar da shi cike, ku tambaya da baki wane mai take sha. Wannan tambayar ba ƙarama ba ce. A Italiya dizal sunansa gasolio, fetur benzina. A Faransa dizal gazole ne, a Sifaniya gasóleo, a Turkiyya motorin. Kalar bakin famfo ma ba abin dogaro ba ce: kore a Ingila fetur ne, a Amurka kuwa yawanci dizal. In kuskure ya faru, kada a tayar da inji ko kaɗan, a kira kamfani nan take.

Kuɗin hanya kowace ƙasa da salonta. Jamus ba ta karɓar komai daga ƙananan motoci a manyan hanyoyinta. Suwizalan sitikar shekara guda kawai take sayarwa, ko da yini ɗaya za ka yi. Ostiriya tana da ta kwana 10. Hangari, Sulobeniya da Cek da lambar mota ake biya a intanet. A Turkiyya da wasu hanyoyin Fotugal babu wanda za ka miƙa wa kuɗi, na'ura ce ke karanta motar, don haka ku tambayi kamfani yadda yake cajin wannan. A manhajar taswira akwai zaɓin kauce wa hanyoyin kuɗi. Ga mai tafiya a hankali ƙananan hanyoyin su ne ma tafiyar, ta cikin gonaki da ƙauyuka, kuma mota a gudun 90 ta fi shan mai kaɗan a kan 130.

Abin da ya fi kuɗin hanya ciwo shi ne tara. A tsoffin biranen Italiya irin su Rum, Fulorans da Fisa akwai unguwannin da aka hana motar da ba ta da izini shiga, an yi musu alamar ZTL, farin da'ira mai jan baki. Babu shinge, babu ɗan sanda, kyamara ce kawai. Kowace shiga tararta daban, mai neman otal ya zaga sau uku ya ci tara uku, takardar kuma sai bayan watanni take zuwa, bayan kamfanin haya ya riga ya cire nasa ladan miƙa sunanka ga hukuma. Landan tana cajin shiga tsakiyarta. Biranen Jamus da Faransa da dama suna buƙatar sitikar hayaƙi. Maganin duka ɗaya ne: ku ajiye mota a bakin gari, inda aka tanadi fili kusa da tashar bas ko jirgi, ku shiga da ƙafa.

In ƙasar da kuka zaɓa hannun tuƙinta ya saɓa da wanda kuka saba, ku sani cewa Ingila, Ayalan, Japan, Indiya, Malesiya, Tailan, Ostireliya, Kenya da Afirka ta Kudu duk a hagu suke tuƙi. A cikin cunkoso ba a cika kuskure ba, don mutum yana bin na gabansa. Haɗarin yana wurin fitowa daga gidan mai ko masauki da sassafe, titi fayau ba kowa, hannu ya koma abin da ya saba. Direba ya riƙe cewa shi ne zai kasance kusa da layin tsakiya, na gefe kuma ya faɗi hannun da baki duk lokacin da za a hau titi ko a shiga shataletale, ba tare da direba ya ji haushi ba. Ku ba dokokin ƙasar awa ɗaya na karatu. A Faransa, inda ba alama, mai fitowa daga dama ke da hanya. A Amurka mil ake rubutawa, kowane mil kilomita 1.6, kuma in bas ɗin 'yan makaranta ya tsaya yana walƙiya da jar fitila, dole a tsaya. Lambar gaggawa a Tarayyar Turai 112 ce, a Amurka 911.

Masauki shi ne babban kaso bayan jirgi. Ku nemi ɗaki mai ɗan wurin girki, a wajen tsakiyar gari, mai wurin ajiye mota kyauta. Wannan ita ce ribar mai mota, yana iya kwana a ƙauyen da ke nisan minti ashirin a rabin kuɗin. Ku kwatanta jimillar ƙarshe, wadda ta haɗa kuɗin shara, harajin baƙi da na fakin. Gidajen kwanan haɗaka na matasa araha ne ga mutum ɗaya, amma gado biyu a can sau da yawa sun kusa kuɗin ɗaki mai ƙofa a ƙaramin masauki, ga shi ku ma'aurata ne. Ku tafi da kwafin takardar aure, akwai ƙasashen da otal kan tambaya. Lokacin tafiya kuma ya fi kowace dabara tasiri a farashi. A Turai watan Mayu, ƙarshen Satumba da Oktoba sun fi Yuli da Agusta sauƙi nesa ba kusa ba. A Afirka ta Kudu, Ostireliya da Niyu Zilan kuwa Disamba da Janairu ne lokacin cunkoso.

Abinci: karin safe a ɗaki, abin taɓawa da ruwa a kula cikin mota, sayayya a babban kanti. Amma ku ci abinci ɗaya mai kyau a waje kowace rana, da rana zai fi, don gidajen abinci da yawa a Faransa da Sifaniya suna da tsarin rana mai rahusa. A Jamus da Ostiriya kantuna a rufe suke ranar Lahadi, ku yi sayayya tun Asabar.

Za a ba ku shawarar hayar motar da ake kwana a ciki. Ku yi lissafi da kyau. Hayarta ta fi tsada, tana shan kusan ninkin man ƙaramar mota, kuma a yawancin ƙasashe sai an biya sansani kafin a kwana. 'Yancin kwana kyauta a daji da ake ambata na Nowe da Suwidin na mai tanti ne, a Nowe ma sai ya yi nisan mita 150 daga gidan mutane kuma bai wuce kwana biyu ba. A ganina ƙaramar mota da ɗaki mai sauƙi sun fi muku. Kwana a kujerar mota don a rage kuɗi kuwa ban yarda da shi ba, direban da bai yi barci ba haɗari ne ga kansa da matarsa.

Kuɗin kansu ku raba su uku kafin ku tashi: abin da aka riga aka biya, na kashewa kullum, da na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa, kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Kati biyu na banki daban-daban, ɗaya a wurinki ɗaya a wurinsa, da ɗan tsabar kuɗi. In na'urar biya ta tambaya ko a caje ku da kuɗin ƙasarku ko na ƙasar da kuke, ku zaɓi na ƙasar da kuke, ɗaya zaɓin canjinsa ya fi tsada. Wanda ya shiga Tarayyar Turai da tsabar yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana, haka Amurka in an wuce dala 10,000.

Saura ku biyun, kuma wannan ba na ɗaukarsa ƙaramin abu. A gida kowa yana da aikinsa, da mutanensa, da inda zai fita ya sha iska. A tafiyar nan awa ashirin da huɗu kuna tare, a cikin akwatin ƙarfe, a inda ba wanda kuka sani. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Abin da na lura a kanmu da kan wasu shi ne faɗan hanya yana da lokacinsa: an yi yamma, ana jin yunwa, an wuce kwanar da ya kamata a shiga, ba a san inda za a kwana ba. Ba halin kowa ba ne ya canza, gajiya ce. Shi ya sa nake nacewa a kan isa masauki kafin faɗuwar rana, da tsayawa minti goma sha biyar bayan kowace awa biyu, da cin abinci kafin yunwa ta yi tsanani.

Ku raba aiki a fili. Na gefen direba ba fasinja ba ne: shi ke riƙe taswira, ya karanta alamu, ya shirya kuɗin hanya, ya faɗi kwana tun da sauran nisa. Ku sauke taswirar yankin a wayoyin biyu don ta yi aiki ba intanet. Ku yi alkawari tun a gida cewa in an ɓata hanya ba a neman mai laifi, a bi gaba har inda za a juya lafiya. Duk wanda ya ce ya gaji ko ya tsorata da gudu, maganarsa ake bi ba gardama. In maigidanki ne kaɗai ke tuƙi, ki tuna shi bai ga rabin abin da kika gani ta taga ba, idonsa na kan kwalta, don haka ranakun da ba a taɓa mota hakkinsa ne.

A kan jerin nasa kuma, kada ki soke masa shi kai tsaye, ya daɗe yana mafarkinsa. Kowannenku ya zaɓi abu biyu ko uku da in bai gani ba zai ji tafiyar ba ta cika ba, a gina hanya a kansu, a ware musu kuɗinsu tun farko ko da suna da tsada. Kowa kuma ya sami ɗan kuɗin aljihunsa da ba a tambayarsa me ya yi da su. Sau da yawa ɗaya mai riƙo ne ɗaya mai sakin hannu, kuma in ba a yi wannan ba, kowane kofin shayi sai ya zama shari'a. Da dare ku ba lissafi minti biyar ku rufe littafin.

Abu na ƙarshe a wannan ɓangaren, kuma ke nake faɗa wa musamman: kada komai ya taru a hannun mutum ɗaya. Ki san sunan masaukin daren, lambar inshora, lambar kamfanin mota, inda fasfo yake, ki riƙe kwafin takardun a wayarki. In shi ya kwanta rashin lafiya a wani ƙauye, ke za ki tsaya. Wani na gida ya san hanyarku. Kada ku bar komai a fili cikin mota, ko jaka ce marar komai, kuma kada ku buɗe but a inda za ku bar motar, ku gama shirinku tun kafin ku iso. In wani ya matso da mota yana nuna muku cewa tayarku ta yi faci, kamar yadda ɓarayi kan yi a wasu manyan hanyoyin Sifaniya, ku ci gaba har gidan mai mai jama'a kafin ku tsaya.

Ranar mayar da mota ku cika tanki a gidan mai mafi kusa, ku riƙe rasit. Ku kai ta lokacin da ma'aikata suke nan, ba a jefa mukulli a akwati da dare ba, domin duk abin da ya same ta kafin safe a kanku yake. Ku sake ɗaukar bidiyo kamar ranar farko, ku tsaya a duba ta a gabanku, a ba ku takardar cewa an karɓa lafiya. Hotunan da takardun ku adana su wata shida aƙalla, kuma ku bar ɗan abu a katin nan, don kuɗin hanya na na'ura da tarar kyamara sukan biyo mutum bayan ya daɗe da komawa gida.